Ƙeyar Mutumin Cikin Dusar Ƙanƙara

Shekara huɗu na yi a Alƙahira, amma dalar Fir'auna a jikin kwalin shayi kawai na san ta. In na faɗa wa 'yan gida haka sai su yi dariya, su ce na cika ƙari. To wa zai kai ni? Maigidana karatu ne ya kawo shi, digiri na uku a fiƙihu, ni kuma shi ya kawo ni. Muna zaune a hawa na biyar na wani dogon gida a Ard al-Liwa, a layin da in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa shanyar mutanen tsallake. Rana ba ta shigo mana sai wajen sha ɗaya na safe, ta ɗan leƙo bakin kicin kamar mai cigiyar akuya, ta ƙara gaba. Allah bai ba mu haihuwa ba a lokacin. Malam, haka nake kiransa, yakan fita da sassafe ya dawo bayan la'asar da jaka cike da littattafai, ni kuma in wuni ni da tukunya da hon ɗin 'yan tuk-tuk, adaidaita sahun garin.

Sana'ata lalle. Tun a Malumfashi layi ake yi a gidanmu jajiberin sallah, kuma a nan ma matan ɗalibai sukan kira ni in ana suna. Hannuna ba ya rawa. Ina iya zana ganye ƙanƙane kamar ƙwayar gero a gefen farce, in fitar masa da jijiya. Ba yabon kai ya sa na kawo wannan ba. So nake a sani cewa da hannun nan da nake taƙama da shi na yi ɓarnar da zan ba da labari.

Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa 'yar ƙasa da mijinta ya daɗe da rasuwa. Kowa a gidan Hagga yake ce mata, wato Hajiya a bakinsu. Daddawa ce ta haɗa mu. Watana biyu da zuwa, na ɗora miyar kuka, sai na ji ana buga ƙofa da kan sanda. Na buɗe na ga tsohuwa ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ya binti," in ji ta, wato 'yata, "ku ma kuna jin abin da nake ji? Ina tsammanin ɓera ya mutu a bututun gidan nan."

Na ja ta har kicin na buɗe mata tukunya. Ta leƙa, ta ja da baya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kuna cin wannan? Da ranku da lafiyarku?"

Na ce har da santi. Ta yi dariya sai da ta dafa bango. Larabcina ma dariya yake ba ta, don na Islamiyya ne, na littafi. In na ce ina son ruwa sai ta ce a miƙe tsaye, mai karanta labarai ta talabijin ta yi magana. Daga ranar, kullum da hantsi nakan taka taku uku in shiga wajenta. Mu sha shayi, mu tsince shinkafa, in shafa mata man zafi a gwiwa, ita kuma ta koya min yadda ake zagin mai gas in ya kawo tukunya rabi. A duk faɗin garin nan mai mutane kamar ƙasa, ƙofarta ce kaɗai nake shiga ba tare da an gayyace ni ba.

A saman kujerar da take zama akwai wani zane na fentin mai a cikin firam na baƙin katako, faɗinsa bai wuce kamu biyu ba. Ganina na farko ban ga abin ratayewa ba. Babu fure, babu Ka'aba, babu aya. Fili ne fari fat, dusar ƙanƙara ta rufe komai. Ga waɗansu manyan bishiyoyi uku ko ganye ɗaya babu, rassansu sun mummurɗe. Can baya cikin hazo akwai kangon wani dogon gini, saura taga ɗaya a tsaye. Sama ba shuɗiya ba ce, ba fara ba, kalar ruwan wankin shinkafa. A tsakiyar filin kuma ga wani ɗan mutum da bai kai tsawon ɗan yatsana ba, ya dogara sanda, ya ba mu baya.

Na ce mata, "Hagga, a garinmu in gona ta koma haka jaje ake zuwa yi."

Ta ce in zauna in ji. Mijinta malamin zane ne a makarantar sakandare. Yana saurayi aka tura shi Jamus na 'yan watanni, ya faɗa daidai tsakiyar hunturu. A wani gidan adana zane-zane ya ga wannan hoton, aikin wani mutumin can na wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, ya kasa wucewa. Kullum sai ya je ya tsaya a gabansa yana kwaikwayo a kan nasa ƙyallen, har masu gadi suka saba da shi suna ajiye masa kujera.

"Cewa yake yi," in ji ta, "da can sarakuna ake zanawa, da yaƙi, da mata masu kumatu. Sai waɗansu suka taso a ƙasashen sanyi suka ce sun gaji. Suka fita daji lokacin da komai ya mutu, suka zana itace tsirara da kango da hazo. Wai so suke mutum ya ga ƙanƙantarsa. Kuma sukan sa mutum ɗaya ya juya baya, don kai mai kallo ka tsaya a bayansa ka ga abin da yake gani. Kada ki ɗauka ilimina ne. Shekara arba'in ina jin karatun nan, na haddace shi kamar Ƙulhuwallahu."

Ta sa na matso kusa, ta ce in faɗa mata kalar dusar. Na ce fara mana. Ta ce in sake dubawa, ni da nake cewa ina da ido. Na duba. Ashe babu fari tsantsa ko kaɗan a ciki. Ƙarƙashin bishiyoyin shuɗi-shuɗi ne, inda aka taka toka-toka, can kusa da kangon kuma akwai wani ɗan ja-ja kamar lallen da ya kusa fita. Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai wadda ke taruwa a firij, na ji tsigar jikina ta tashi.

Sai da muka saba sosai ta gaya min sauran. A hoton asali, ɗan mutumin malafa ce a kansa. Mijinta ya bar wajen kan babu komai, ya naɗo ƙyallen ya dawo da shi gida. Bayan sun yi aure da shekaru, da sanƙo ya fara cin sa, ya ɗauko madubi biyu ya kalli bayan kansa, ya zana shi a wajen. Ta ba ni tabaronta na karatu na duba. Ga ɗan sanƙo kamar ƙwayar wake, ga kunnuwa sun ɗan buɗe, ga wuya ya karkata hagu kaɗan.

"Hotunansa na kyamara duk ƙarya ne," in ji ta. "Ya haɗe rai, ya gyara kwala kamar sufeto. Ni ƙeyarsa na sani. Duk ranar Allah in na shigo masa da shayi yana aiki, ita nake tararwa. Ba ni da abin da ya yi kama da shi kamar wannan."

Yanzu sai in faɗi halin Malam, kuma kada a ɗauke ni ba daidai ba. Ba azzalumi ba ne. Bai taɓa ɗaga min murya ba, da ma yana yi da na sami abin riƙewa. Mutum ne mai tsantseni, yana yawo da jan biro a aljihun gaba. Duk abin da ya shigo gidanmu da hoton mai rai a jiki sai ya ja masa layi a wuya: saniyar gwangwanin madara, jaririn kwalin sabulu, har kazar da ke jikin ledar magi. Ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da sura, amma in an raba kai da jiki an fita daga hani. Abokan karatunsa ma haka suke, sai dai sun rabu biyu. Wasu sun ce layi ya wadatar, wasu sun ce sai an shafe kan gaba ɗaya, kuma sukan raba rana a falonmu suna wannan muhawara ina dama musu kunu. Ban taɓa musa masa ba. Har yau ma ba musu nake yi ba.

A hunturunmu na biyu likita ya ce sai an yi wa Hagga aiki a gwiwa, kuma za ta yi jinya a gidan ɗanta can wani gefen gari. A lokacin ne ma bangon bayan kujerarta ya fara tsatsafo da ruwa, aka ce masu gyaran famfo za su fasa shi tana can. Ba ta yarda ta bar zanen da su ba. Matar ɗan nata kuwa hoton makabarta take ce masa, ta ce ba zai kwana a gidanta ba. Sai Hagga ta sa na hau kujera na sauko da shi.

"Ki ajiye min shi, ya binti. Ke kaɗai ce kike kallonsa in kin shigo."

Na karɓa da hannu biyu, ina jin daɗi har cikin raina. Ko tunanin biron Malam ban yi ba sai da na tsallaka ƙofarmu.

Da ya dawo ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan amana ce, ba zan sa mata biro ba. Amma ki naɗe shi da zani ki sa a bayan kwaba har mai shi ta dawo."

Na ce, "Malam, ai baya ya ba mu, ko fuska babu."

"Ko ya ba da baya, kai kai ne."

Maganarsa daidai ce, kuma hanyar da ya nuna ita ce mai lafiya. Da na bi ta da babu wannan labarin. Na naɗe shi da zanina na atamfa, na tura bayan kwaba, na yi kwana uku ina ɗa'a.

Wanda bai yi Janairu a irin gidajen nan ba bai san sanyin Masar ba. Ba a waje yake ba, a cikin ɗaki yake, yana tasowa daga tayil ya shiga ƙashi. Ƙofar Hagga a kulle, daga ciki sai ƙarar guduma da ihun masu gyara. In Malam ya fita sai gidan ya yi min girma. Rana ta huɗu na jawo ƙunshin na kwance, na jingina zanen da bango, na zauna a gabansa da shayina. Kafin azahar na mayar. Washegari ma haka. Sai dai hankalina ba ya kwanciya, don ni ma na yi imani da maganar mala'ikun. Ina kallo ina jin kamar na kori baƙi daga gida, in na ji motsi a bene sai in hau naɗewa kamar ɓarauniya. Abu biyu nake so a tare: in kalla a fili, kuma in zama ba ni da laifi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wata safiya butar shayi ta ƙona min yatsa. Na yi abin da muke yi a gida, na matso makilin na shafa. Ina zaune ina hura wajen, na ga ya bushe fari ƙal, na ɗaga ido na ga hazon da ke bayan kan ɗan mutumin. Nan take dabarar ta zo min, har da murmushina. Na ce a raina, ai ba sai an yanke ba, rufewa za a yi. Lalle ma ana ɗora shi ya bushe a ɓanɓare. Ni da na fi kowa sanin cewa abin da aka ɗora ya bushe ba ya tashi ya bar wuri yadda ya same shi, ban tsaya na tambayi kaina ba.

Na feƙe tsinken ashana, na ɗibi makilin kaɗan-kaɗan, na bi kan nan daga wuya zuwa sama. Na rufe sanƙon, na rufe kunnuwan, na lallaɓa gefe-gefe ya saje da hazon. Aiki ya yi kyau, Allah ya sani. In ba ka sani ba sai ka ce haka mai zanen ya bar shi.

Da la'asar na tari Malam da shi a buɗe a kan teburin falo. Ya sunkuya ya duba, ya yi 'yar dariya.

"Lallai zama da maɗaukin kanwa. Wannan ai fiƙihu ne, kin fi wasu ɗalibanmu." Sai kuma ya ɗago ya dube ni. "Amma zai fita kuwa?"

"Da ruwa kawai," na ce. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar na taɓa gwadawa sau ɗari. Ya dai tambaya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na ɗaura wa kaina.

Mako bakwai zanen yana kan teburin. Na kalle shi har na san kowane reshe. Na gano sawun ƙafa a dusar, daga gefen firam zuwa inda mutumin yake tsaye, kuma sawun ba a miƙe suke ba, kamar ya tsaya sau biyu yana shawarar komawa. Na gano wani ɗan haske a tagar kangon wanda ba ya fitowa sai ranar nan tamu ta sha ɗaya ta faɗo a kansa. Nakan yi tunanin mutanen da suka fita cikin irin wannan sanyi don kawai su zana shi, in ce lallai duniya da faɗi take. Akwai ranakun da na ji zanen ya fi kowa sanin halin da nake ciki a garin nan. Makilin ɗin ya tsattsage sau biyu saboda tururin girki, sau biyu ina ƙara wani a kai.

Ranar wata Talata ɗanta ya bugo wa Malam waya ya ce jibi za su dawo da ita. Laraba da safe, bayan Malam ya fita, na ɗauko auduga da ruwa a kofi, ina 'yar waƙata. Na goga. Babu abin da ya motsa. Abin ya zama kamar siminti. Na ɗumama ruwan na jiƙa wajen na jira, gefen ya yi laushi amma tsakiyar ta ƙi. Sai na sa farce a ƙarƙashi, a hankali, yadda nake ɗaga busasshen lalle daga hannun amarya. Ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ɗan ɓawo guda.

Wajen da ya tashi babu kai. Wani tabo ne fari mai duhu-duhu. Na juya ɓawon da ke kan farcena na ga cikinsa ruwan ƙasa ne, da ɗan ɗigon sanƙon a tsakiya. Kan mijin Hagga ne a kan farcena. Na yi ƙoƙarin mayar da shi, ina taɓawa ya marmashe ya zube a kan tebur kamar garin kwaki.

Da na tsaya a nan, da wataƙila wani mai sana'ar zai iya yin wani abu. Amma tsoro ba ya barin mutum ya tsaya. Na kwaɓa kwalli da man zaitun da ɗan garin lalle, na sake feƙe tsinke, na zana kai. Hannuna bai yi rawa ba, kan ya fita zagaye sumul. Sai dai kan kowa ne. Na san fure, na san ganye, ban san mutumin nan ba, ban taɓa kai masa shayi ba. Man kuma ya fara malala yana bin hazon. Na ɗauko soson wanke-wanke da sabulu na goge. Da na ɗaga hannu, tabon ya ci har kafaɗa, zaren ƙyallen ya fito. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a kan tayil ɗin nan mai sanyi na yi kukan da ban yi ba tun da na bar gida.

Malam ya dawo ya gani, ya yi salati. Ya ce, "Ƙaddara ta riga fata. Sai ki gaya mata gaskiya, ki nemi yafiya." Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya wanke hannu ya ci tuwonsa, har da ƙari, ya buɗe littafi. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallonsa, ina jin haushin natsuwarsa fiye da yadda zan ji haushin mari.

Alhamis ɗanta da mai gadin gidan suka hauro da ita a kan kujera, hawa biyar, suna nishi tana yi musu faɗa. Na leƙa na yi mata sannu da zuwa na gudu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Juma'a da hantsi na naɗe zanen a zanina na taka takun nan uku. Na tarar da ita a kujerarta, ƙafa a miƙe kan matashi, an yi wa bangon sabon fenti, ƙusar tana nan a wurinta.

"Yalla, maza kawo min shi," in ji ta, tana miƙo hannu. "Wallahi na fi kewarsa a kan gidan."

Na kwance na ɗora mata a cinya. Ta lalubo tabarau ta sa. Ban san tsawon lokacin da ta yi tana kallo ba. Ta kai yatsa saitin tabon, ba ta taɓa ba, ta bar shi a sama.

"Me ya same shi?"

Na gaya mata komai, tun daga biron Malam har soson wanke-wanke. Larabcin da ta koya min duk ya gudu, na koma na littafi, ina jera kalmomi kamar mai ba da hadda. Wannan karon bai ba ta dariya ba.

"Don me ba ki ce min ba za ku iya ajiyewa ba?" in ji ta. "Da na tura shi ƙarƙashin gado. Ƙura ba ta cin mutum."

Da na so da na ce Malam ne ya matsa, kuma da ta yarda, don ta san irin ɗalibanmu. Na ji ƙaryar ta zo har bakina. Na ce, "Ya ce in naɗe in ajiye. Ni ce nake son in riƙa kallo."

Ta cire tabaron ta ninke. Ta ce, "Ma'alish."

A garin nan ma'alish ake ce wa wanda aka taka wa ƙafa a mota, ita ake ce wa wanda burodi ya ƙare kafin layi ya zo kansa, ita ake ce wa wanda aka yi wa mutuwa. Ban san wacce ta ba ni ba. Na durƙusa na kama hannunta, ta bar min shi kamar ba nata ba.

"Khalas, shi ke nan, ya binti. Jeki, kada tukunyarki ta ƙone."

Ban ɗora komai a wuta ba, ita ma ta sani, don da na ɗora da ta ji wari.

Ba ta yi gaba da ni ba. Da ta yi, da na san ta inda zan fara ba da haƙuri. In mun haɗu a bakin ƙofa takan amsa gaisuwa, har ta tambayi Malam. Amma sau uku ina ƙwanƙwasawa da hantsi tana cewa daga ciki gwiwa ta matsa mata, tana hutawa. Na kai mata miyar kuka don ko za ta tsokane ni, ta karɓa ta ce an gode, washegari na ga kwanon a wanke a bakin ƙofarmu. Sau ɗaya na hango falon ta ƙofar da mai gas ya bari a buɗe. Ƙusar tana nan ba komai a kanta. Na koma wuni ni da tukunya, sai dai yanzu na san abin da na rasa, kuma na san wanda ya jawo.

Kafin zafi ya shigo, ɗanta ya ce hawa biyar ya fi ƙarfin gwiwar, za ta koma wajensa gaba ɗaya. Ranar tashi na tsaya a bayan ƙofarmu ina jin ana sauke kaya, na rasa ƙarfin halin fita. Ita ce ta buga da kan sanda. Na buɗe na gan ta cikin baƙin mayafi na fita, ɗanta yana riƙe da ita, a ɗaya hannunsa kuma ga ƙunshi.

"Zaninki," in ji ta.

Ɗan ya miƙo min. Na ji nauyin firam a ciki. Na ce, "Hagga, ai zanen yana ciki."

"Na sani. Ki riƙe. Bishiyoyin suna nan, kin ce kina son kallo." Ta gyara riƙon sandarta. "Ni ban san wannan mutumin ba."

Suka ɗora ta a kujera suka fara sauka. Ba ta waiwayo ba. Ban sake ganinta ba, kuma ban taɓa samun bakin da zan ce Malam ya nemo min lambar ɗan ba.

Na ajiye ƙunshin a kan tebur na zauna, ban iya kwancewa ba. Malam ne ya kwance da ya dawo. Na gaya masa ta bar mana. Ya ce Allah sarki, baiwar Allah, Allah ya saka mata. Ya kai zanen bakin taga, ya karkata shi ga haske, ya daɗe yana duba tabon da idon mai bincike.

"To ai yanzu babu laifi," in ji shi. "Tunda kan ya tafi, shi da bishiyoyin nan duk ɗaya ne. Bangon nan ma ya daɗe yana neman abin ratayewa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Tsammaninsa faranta min zai yi, ya ga ina son abin. Ya sauka da kansa ya aro guduma wajen mai gadi, ya hau kujera, ya buga ƙusa a saman kantar littattafansa, daidai inda duk wanda ya zauna a falon zai fuskanta. A wannan lokacin na tsane shi, Allah ya yafe min, kuma na fi tsanar kaina, don na san ba zan ce a sauke ba. Ya rataya, ya riƙe firam ɗin da hannu biyu, ya waiwayo yana murmushi.

"Duba min, ya miƙe?"

Na duba. Na ce, "Ɗaga hagun kaɗan."